Akwatin Yaya Sale, Daga Wudil Zuwa Kumasi

Tun da na dawo daga Gana bakina bai huta ba. In na zauna a majalisarmu ta kusa da gada, sai wani ya ce Malam Habu a ba mu labarin Kumasi. A ɗakin malamai ma haka. Na faɗa na sake faɗa, har labarin ya fara canja kamanni a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa wai an tsare ni a boda an aske mini gemu. Gemuna yana nan inda yake. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, Turanci nake koyarwa a wata sakandare a nan Wudil, na fi shekara ashirin ina yi, kuma ban ga abin ɓoyewa ba: na iya aikina. Ɗalibai suna kirana Malam Ƙamus a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Akwai darasin da na fi ji da shi, wato na kalmomin da Bature ke amfani da su in zai tayar da abu daga wurinsa. Shi Bature ba ya yarda a ce an ɗauke abu kawai a wuce. Sai ya bincika, da ƙarfi ne ko da lallami, an sa wani a gurbin ko an bar shi fayau. In ka ɗauke ka bar gurbi, remove ka yi. In ka sa wani a madadinsa, replace. In sabon abu ne ya ture tsohon gefe, kamar yadda ruwa ke zuba in ka tsoma ƙwarya a cikakken bokiti, displace ke nan. In kotu ta fito da mutum daga gida da tabarmarsa a hammata, evict. Akwai kuma mai ladabin cikinsu, relocate, wato a sauya wa mutum wuri, ana yi ana yi masa murmushi. Nakan zuba waɗannan a allo ina jin kaina kamar ni na ƙera su.

Abin da ya tayar da ni kuwa maganar ɗaki ce. Ɗana Nura zai yi aure, gidanmu na gado kuma ya cika maƙil. Wuri ɗaya ne ya rage da za a iya rushewa a fitar da sashen ango, shi ne ɗakin yayana Sale da ɗan filin da ke gabansa. Yaya Sale ya bi shanu Kudu tun yana saurayi, hanya ta yi ta jan sa har ta ajiye shi a Kumasi, ya yi aure a can, ya haifi 'ya'ya, yanzu har da jikoki. Sau biyu na san ya zo gida, ɗaya a rasuwar mahaifinmu. Muna waya, ba mu taɓa saɓani ba. Amma ɗakinsa yana nan da kwaɗo, makullin yana hannun mahaifiyarmu, Inna.

Nura ya ce mini, “Baba, ai replace kawai za a yi. Mutumin da ba ya nan, me zai yi da ɗaki?” Na ce masa Turancinsa daidai ne, ladabinsa ne da saura. Amma a raina na yarda da shi. Na je wa Inna da maganar, na ce zan kira Yaya a waya mu gama. Yaya Sale ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, in ya kira waya ma gaisuwa biyu take yi ta miƙo mini. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ba a tayar da mutum daga gidan ubansa ta waya. Ka je wurin wancan ɗin, ka ji daga bakinsa.”

Na ce to. Hutun makaranta ya zo, ana tsakiyar bazara, fasfona da katin rigakafina suna nan. Sai wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ga ba ta da na biyu. Akwai akwatin ƙarfe na Yaya a ɗakin. Na ce in na kai masa shi zai yi murna, ya tuna ƙuruciya, zuciyarsa ta yi laushi, maganar ɗaki ta zo da sauƙi. Na karɓi makulli na shiga na ɗauko. Inna tana zaune a tsakar gida ta gan ni na fito da shi a ka. Ta bi ni da ido, ba ta ce uffan ba, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin izini.

Ranar Juma'a, da kasuwar shanu ta fara watsewa, na shiga tirelar Ado. Ado tsohon ɗalibina ne, yanzu shi ke kai shanu Legas, kuma ya rantse muddin yana da mota malaminsa ba zai shiga bas ba. Ya ba ni gaba, aka cusa akwatin bayan kujera, inda ya yi ta zungurar ƙeyata duk ramin da muka faɗa. Ado ya tuna mini da duk bulalar da na taɓa yi masa, ɗaya bayan ɗaya, yana dariya, ya ce Turancin dai ya zube amma bayansa bai manta ba. A wannan tafiya na koyi abin da ban sani ba ina ɗan Wudil: sa ba ya kwanciya a mota. In ya kwanta sauran za su tattake shi, don haka mutanen da ke saman tirelar aikinsu ke nan, su yi ta leƙe, wanda ya durƙusa a tashe shi ko da murɗa wutsiya ne.

Mun bi ta Kaduna muka gangara Lokoja, inda na ci soyayyen kifi na kuma gaya wa mai sayarwa gaskiya, cewa bai kama ƙafar na kogin garinmu ba. Ta ce to in koma garinmu in ci. Bayan Okene taya ta fashe, muka yi rabin yini a bakin titi, shanu na kuka, ni ina riƙe wa Ado goro yana aiki. A ƙasar Yarbawa aka kawo mini wani baƙin tuwo da miya mai yauƙi, na dube shi ya dube ni. Yunwa ce ta shiga tsakaninmu ta sasanta, kuma in faɗi gaskiya har ƙari na nema.

A Legas na sauka a Agege, gidan wani mai masaukin fatake da Ado ya sani. Zaure ne babba, tabarmi a jere, kowa ya yi matashi da jakarsa. Wanda ya zo daga Maiduguri da wanda ya zo daga Sakkwato kwano ɗaya suke sa hannu, ba mai tambayar wani me ya kawo shi. Na yi matashi da akwatin Yaya, sauron Legas kuma ya yi walima da ni.

Washegari na shiga ƙaramar mota mai zuwa boda. Na riga kowa zuwa, na kama kujerar gaba na gyara zama. Motar ta kusa cika sai ga wata mata mai jiki, da lulluɓi da jakunkuna, direba yana ta rawar jiki a kanta. Ya buɗe ƙofata ya ce in koma baya, wannan kujerar Hajiya ce kullum. Na yi masa bayani da Turanci mai kyau cewa ni na fara zuwa. Ya saurara da ladabi, sannan ya sake nuna mini baya. Na koma na matse tsakanin buhun garin rogo da wani mai barci, ina ce wa kaina wannan shi ne displace, ba ragi ba ƙari. Matar ta waiwayo ta yi mini sallama da Hausa tas. Sunanta Hajiya Rabi, haifaffiyar zangon Lome ce, wato unguwar Hausawan can, atamfa take sarowa. Ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa, fushina ya tafi.

A bodar farko wani jami'i ya ce in buɗe akwati. Sai a lokacin na tuna ba ni da makullinsa, ɗan kwaɗon ma ya yi tsatsa ya manne. Aka aro guduma wurin wani mai faci aka fasa. Jami'in ya dinga fito da kayan yana jerawa a tebur: wata 'yar shara da ta koma ruwan ƙasa, hula, allo da rubutun ya kusa gogewa, takalmin fata da ya bushe ya lanƙwashe, ɗan madubi, da gwangwanin madara cike da ƙugiyoyin kamun kifi. Ya juya allon, ya girgiza gwangwanin, ya dube ni da tausayi ya tambaya ko mai kayan ya rasu ne. Na ce yana raye, wurinsa ma za ni. Ya ce to me ya sa ake kai masa kayansa? Na ce tsaraba ce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in kwashe.

Hajiya Rabi tana tsaye tana kallo. Da muka shiga wata motar ta sa ni gaba da tambaya har na ba ta labarin ɗakin duka. Ta ce, “Malam, ka yi haƙuri da bakina. A wurinmu in aka aiko wa mutum kayansa daga gida, an sallame shi ke nan.” Na yi dariya na ce ba ta gane ba, ba korar kowa za a yi ba, wuri ne kawai za a sauya wa amfani, kuma da yardarsa. Har na ɗan taɓa mata darasin nawa, na nuna mata bambancin evict da relocate. Ta ce ita ba ta yi boko mai zurfi ba, Allah ya sa ya yi murna. Ta koma cin gyaɗarta.

Daga nan har ƙarshen Togo Turancina ya zama kayan ado. Faransanci ake yi, ni kuwa ko ruwa ban iya roƙa da shi ba. A Kwatano 'yan acaɓa sun fi ƙudaje yawa, duk da riguna ruwan ɗorawa, mata ma suna tuƙa babur da kaya a ka ba wanda ya kalle su. Ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi, burodinsu kuma dogo ne kamar sanda, mai tauri a baya. Duk inda aka tsayar da mu Hajiya ce ke magana, ni in miƙa fasfo in yi shiru kamar ɗan aike. Mutumin da ke tsayar da aji guda da kallo ɗaya ya koma bin bayan mai atamfa. A Lome na ga teku ido da ido, titi na bin gefensa. Na dube shi sosai, na yarda ya fi kogin Wudil, amma ban faɗa a fili ba.

Mijin Hajiya Rabi ya sauke ni a gidansu, aka ba ni ɗakin baƙi da tuwon masara mai ɗan tsami da miyar kifi mai yaji. Da safe ta sa aka ɗaure mini akwatin da igiya tun da kwaɗon ya tafi. Wajen sallama ta sake duban sa, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce in gaida yayana.

Ina taka ƙasar Gana Turanci ya dawo, na ji kamar an cire mini tuwo a baki. Mutanen nan ba sa jimla sai da roƙon afuwa a cikinta. Mai hana ka wucewa ma da ladabi zai hana ka, har ka ji kunyar yin gardama. Na shiga Akara, na sake mota zuwa Kumasi. A cikin bas wani ya tashi ya yi wa'azinsu, ya zauna, wani ya tashi ya tallata maganin basir, duk murya ɗaya. Kusan duk garin da muka ratsa akwai rumfuna da jama'a sanye da baƙi da ja, ga kiɗa ga rawa. Na tambayi na kusa da ni ko biki ne, ya ce jana'iza ce, kuma wani mamacin ya yi watanni a ajiye ana jiran dangi su taru. Na gaya masa mu in mutum ya rasu da safe kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Ya riƙe baki, ya ce ashe ba ma son mutanenmu. Ni ma abin da nake shirin ce masa ke nan.

Tun daga Akara nake ganin wani abu a jikin shagunan katako da ke bakin titi: jan fenti, an rubuta remove da manyan baƙaƙe, da hannun wanda ke sauri. Na ji daɗi kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙon wuri. Ga kalmata tana aiki a duniya. Har na ce in na koma zan ba yara wannan misali.

Kwatancen da Yaya ya yi mini ya kai ni daidai, kusa da wata tashar mota. Tsire yake yi, wanda can suke kira cicinga. Ba sana'ar gidanmu ba ce, amma da ita ya riƙe iyali ya aurar da 'ya'ya. Na hango wani dattijo mai farin gemu yana juya nama, na ga tsayuwar mahaifinmu sak, sai idona ya ciko. Ya ajiye wuƙa ya rungume ni, yana ta “Habu, kai ne?” Hausarsa ta ɗan karkace, ta ɗauki sautin mutanen zango. Muna cikin gaisuwa idona ya sauka a gefen shagonsa. Jan fentin nan yana wurin, ɗanye shar.

Ya ga inda nake kallo ya yi dariya. Ya ce za a faɗaɗa titi ne, kuma masu abin sun ce ba korarsu ake yi ba, relocate ɗinsu za a yi, an ba su wani fili can bayan gari inda ko akuya ba ta bi. Wannan ne karo na uku da ake tayar da shi, ya ce, ya saba. Na ji kalmar nan mai ladabi ta darasina ta fito daga bakinsa.

Ni da shirina na zo. A gida in baƙo ya sauka ba a tambayarsa me ya kawo shi. Zai sha ruwa, ya ci, ya huta, a yi hirar damina da ta dangi, sai ya ga fuska sannan ya ɗauko maganarsa ta gefe. Na tsara zan yi kwanaki ina yi wa Yaya hirar gida, wata rana bayan magariba, daga ni sai shi, in shigo da maganar Nura a hankali. Abin da ban sani ba, Kumasi ba haka take ba.

Yaya yana haya ne a wani babban gida mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Mai gidan wani tsoho ne Ba'ashante, suna kiransa Papa Kwaku, sun shekara aru-aru tare. Muna shiga aka jera kujeru. Matar Yaya, Memuna, 'yar zango ce, ta kawo mini ruwa. 'Ya'ya da jikoki da maƙwabta suka taru, suka bi layi suna ba ni hannu daga dama zuwa hagu. Da aka natsu sai Papa Kwaku ya gyara mayafinsa ya ce, da Turanci, sun san hanya tana da nisa, amma al'adarsu ce a tambayi baƙo abin da ke tafe da shi tun kafin ya kwance kaya, ko da an sani. Amaniye suke ce wa abin. Kowa ya zuba mini ido.

Ban taɓa rasa abin faɗa a gaban jama'a ba, ranar ma ban rasa ba. Na miƙe na ce zumunci ne ya kawo ni, na isar da gaisuwar gida, na gode musu da riƙon ɗan'uwana. Aka ji daɗi. Sai na shiga fito da tsaraba don in cike gurbin abin da ban faɗa ba: kuka, daddawa, busasshen kifi, da dakuwar da Inna ta ƙulla ta ce a ba yara. Daga ƙarshe na jawo akwatin na tura gaban Yaya, ina murmushi, na ce ga wani tsohon abokinsa.

Bai kwance igiyar ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya tambaye ni da Hausa, a hankali, “Wa zai shiga ɗakin?”

Duk kwanakin da na tsara suka rushe a wurin. Na ce Nura ne, aure zai yi.

“Allah ya sanya alheri,” in ji shi. “Ku rushe, ku gina masa mai kyau.”

Papa Kwaku ya tambaya me aka ce. Yaya ya gaya masa ƙaninsa ne ya kawo masa kayansa daga gida. Tsohon ya yi murna da gaske, ya dafa kafaɗarsa ya ce to yanzu ya zama nasu gaba ɗaya. Mutane suka tafa. Abin da na ratsa ƙasa huɗu dominsa na same shi tun ruwan da aka ba ni bai ƙare ba, kuma ban taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba.

Kwanakin da suka biyo baya an yi mini hidima ta gaske. Na ci wake da shinkafarsu da suke dafawa da karan dawa har ta yi ja, da wani baƙin yaji mai kifi. Na ci sakwarar da ake haɗiya ba a tauna ba, na tauna tawa a ɓoye. Da safe koko da ƙosai, wanda su da kansu suke cewa na Hausawa ne, sai dai sun cika masa citta. Yaya ya zaga da ni babbar kasuwa, ya kai ni wurin abokansa, duk inda muka je yana cewa ga ƙaninsa malamin Turanci. Fara'arsa ba ta ragu ba ko kaɗan. Maganar ɗaki kuwa bai sake tayar da ita ba.

Memuna ce ta yi mini maganar, wata safiya tana wanke shinkafa, shi ya tafi mahauta. Ta ce duk lokacin da aka tayar da shagonsa, ko wani ya kira shi baƙo a cikin faɗa, magana ɗaya yake yi: shi yana da ɗaki a Wudil, makullin yana hannun uwarsa, ranar da ya ga dama zai tafi. 'Ya'yansa sun taso da jin wannan har suna tsokanarsa da ita. Ta ce kowa ya san ba zai tafi ba, shi ma ya sani. “Amma da ita yake tsayawa, Malam. Ga shi an shafa wa shagonsa fenti, jiya maƙwabcinsa ya tsokane shi ya ce sai Wudil ke nan, bai amsa ba.” Akwatin kuma ya tura shi ƙarƙashin gado, bai buɗe ba. Ta ce ba laifina take gani ba, ta san yaro yana bukatar wuri.

Ranar da za a tashi shagon na bi shi. Wasu ƙarti suka ciccibi shagon katakon ɗungurungum suka ɗora a kura, ni na rungumi wayar gashi da buhun gawayi. Yaya yana gaba yana ba da umarni, a yi dama, a kula da kwata, kamar wanda ke jagorantar ayari. Sabon wurin jar ƙasa ce da ciyawa, mota sai jifa-jifa. Ya sa aka daidaita shagon, ya sa dutse a ƙafar da ke rawa, ya hura wuta ya jera nama kamar akwai layin masu saye. Na tsaya da gawayi a rigata ina kallonsa. Shekara ashirin ina koyar da kalmomin nan, kullum daga ɓangaren mai ɗagawa nake tsaye. Ranar na ga abin daga ɓangaren wanda ake ɗagawa, kuma kunya ta kama ni.

Na ce masa na janye maganar ɗaki, za mu nemi wata hanya. Ya ce a'a, magana ta riga ta fita a gaban mutane, yaro ba zai rasa wurin ajiye mata ba saboda tsohon da ba ya nan. Yayana ne, ban ja da shi ba. Sai ranar da zan taho, a tasha, bayan an ɗora jakata, ya riƙe hannuna ya yi tambayar da na lura ta daɗe tana cinsa.

“Inna ce ta ce a kawo mini akwatin?”

Na ce, “Wallahi ba ita ba ce, Yaya. Wayona ne. Ita cewa ta yi ba a tayar da kai ta waya.”

Ya saki hannuna ya juya yana kallon motoci. Da ya juyo ya ce in gaishe ta, in ce mata dakuwar ta yi daɗi, shi ya cinye bai ba yaran ba.

Dawowa ba ta da labari, hanyar da na bi ita na sake bi, sai dai wannan karon a bas kuma ba abin da ke zungurar ƙeyata. Masu tambaya ina Nura zai zauna, na kama masa haya a bakin hanyar Achika kafin mu ga abin da Allah zai yi. Har yanzu da ɗaurarriyar fuska yake gaishe ni, uwarsa ma ta yi kwana biyu tana ajiye mini abinci ba magana. Zai wuce. Amma wannan duk daga baya ne.

Ranar da na iso, ban ko cire takalmin tafiya ba na wuce wurin Inna. Tana bakin ƙofarta tana tsince wake. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambaya ko na same su lafiya, su ɗin nan ba ta ce su wa ba. Na ce lafiya lau, har ya ce dakuwa ta yi daɗi. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, “Me ya ce?”

“Ya ce a rushe.”

“Da bakinsa?”

“Da bakinsa, a gaban mutane.”

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ta ce to, tun da ya faɗa, mu rushe.

Na ce, “Ba za a rushe ba, Inna. Shi ya yarda, ni ne ban yarda ba.”

Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki wani ɗan tsakuwa daga cikin waken ta jefar, ta sake ɗaukar wani.

“To ka sa a gyara rufin kafin ruwa ya sauka,” in ji ta. “Kusurwar gabas tana zuba. Na gaji da kai kwano.”